Inci Biyu a Jakar Keken Guguwa

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ka ce ya dawo. Mu nan lafiya lau. Inna tana cin abinci, tana kuma faɗa da kowa, ka san alamar sauƙinta ke nan.

Dawowata ke nan daga filin jirgi, ko mayafi ban cire ba na ɗauki biro, don maganarka ta makon jiya tana nan tsaye a wuyana. Ka ce 'yata Guguwa, wadda kai ma 'yarka ce, ta haƙura da gasar tseren keken da za a yi a garinku, tunda kamfanin jirgi ya ce kwalin kekenta ya fi ƙarfin kaya na yau da kullum, sai an biya kusan rabin kuɗin tikiti. Ka ce ba za ka sa ko sisi a wasan yara ba, a sayar da keken a huta. Haba Yaya! Yarinyar da ta yi shekara huɗu tana fita da sassafe, rana ta ƙone ta, ta faɗi ta goge gwiwa ta tashi, har aka zaɓe ta cikin mutum ɗari, ita ce mai wasan yara? Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye maka ba. To, ban roƙi kowa ba.

Na sa ta karanta mini dokar kamfanin kalma bayan kalma. Ashe ba sunan kaya suke caja ba, girma ne: a haɗa tsawo da faɗi da kauri, in bai wuce abin da suka rubuta ba, jaka ce kamar ta kowa. Na ce awo dai? Shekara ashirin da shida ina ɗinki, tef a wuyana nake kwana da tashi. Mai gyaran keke na bakin layinmu ya zo tsakar gida ya kwance keken kaf, tayoyi, kai, feda, sirdi, ya zuba kusoshi a safa ya ƙulle. Ni kuma na yanka tamfol, na yanko soson tsohuwar katifarka da ka bari a ɗakin baya, na ɗinka jaka daidai jikin ƙarfen. Allura uku na karya. Rigunanta muka nannaɗe ƙarafunan da su, hular kwanon kuwa a kanta ta sa ta shiga mota, Inna tana dariya wai ta yi kama da kunkuru.

Amma hali zanen dutse. Ka tuna yadda nake ɗinka muku kaya da rara, wai ko jiki zai ƙaru? Wallahi hannuna haka ya yi wa jakar ban sani ba, kamar keke zai yi ƙiba a hanya. Muna isa kantar awon kaya, ma'aikaciyar ta tambayi abin da ke ciki, Guguwa ta ce keke ne, don na hana ta yin ƙarya. Matar ta ja tef ta ce mun wuce da inci biyu, mu je mu biya ko mu matsa gefe. Na ga idon yarinyar nan ya cika da hawaye, saura minti arba'in a rufe kanta.

Ni kuwa na ce a ba ni wuri. Na shimfiɗa mayafina a kan tayil, na zauna dirshan a gaban layi, na ciro basilla da zare mai kauri daga jakar hannuna. Wani mai kwat ya ce nan ba shagon tela ba ne, na ce masa duk inda tela ta zauna nan ne shagonta. Na zare soson gefe ɗaya, na naɗe rarar, na bi ta da ɗinki tun daga sama har ƙasa, Guguwa tana danne mini bakin jakar da gwiwa. Yatsana ya fashe, ban ko duba ba. Matar ta sake awo, ta sake, sannan ta yi murmushi ta ce a ɗora a sikeli. Nan ma muka ɗan haura kaɗan. Sai Guguwa ta zuge zif ta ciro famfon ƙarfen nan na marigayi babanta, wanda ya koya mata hawa da shi a hannu, ta miƙa mini. Jaka ta wuce, ba mu biya ko kwabo ba.

Yanzu ga famfon a kan teburin ɗinkina, ita kuma tana sama da tayoyi babu iska, don sai da aka sace musu iskar kafin a rufe jaka. Tseren ranar Asabar ne da ƙarfe takwas na safe, wurin bai fi tafiyar rabin awa daga gidanka ba. Kuɗinka ka riƙe abinka, Yaya, ba gori nake maka ba. Amma ba ta san kowa a garinku ba sai kai, kuma ko ka zo ko ba ka zo ba za ta hau, ko aron famfo za ta yi a hannun abokan hamayya. Ni dai da kai ne ka busa mata tayoyin nan, ka tsaya ka ga abin da ka kira wasa. Gani ya kori ji.

Ka gaida mini Anti da 'yan biyu, da Goggo in ta leƙo. Inna tana gaishe ka, ta ce katifar ma ba ta ga ranar da za ka dawo ka kwanta a kai ba. Allah Ya bar zumunci.

Ka nemi famfo mai ƙaramin baki, babban ba ya shiga.

Taka ƙanwa,
Tela