Wasiƙarka Ta Shiga Jarida

Zuwa ga yayana Alhassan, a Tama.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuka ƙare da kaka? Ni ina nan Zariya lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Ka san ni ke buɗe wa editan jaridarmu wasiƙu in jera masa bisa tebur. Mutumin nan duk takardar da ya gani labari ce. Ran Talata na fita alwala, na mance wasiƙarka cikin nasa, wadda ka ce kun binne hatsi a rami don kada a kwashe zuwa rumbunan kwamandan, Baturen da ke mulkin ƙasarku. Kafin in dawo har ya aika wa masu bugawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan maganar gida ce." Ya ce, "Ai ita jama'a ke son ji." Da ƙyar ya bari na soke sunanka. Sunan Tama kuwa ya ƙi, wai labarin da babu sunan gari ba shi da daɗi.

Yaya, fatake na kai jaridar nan har Madawa, inda kwamandan yake zaune, tafintansa kuma yana karanta Hausa. Don Allah ranar da wannan ta same ka, ku sake wa hatsin wuri. Abin da ke rami kuma kada ya ƙara hawa takarda.

A gaida Inna da Baba Idi. A taya ni addu'a, Allah ya ba ni haƙurin zama da mutumin nan.

Ƙanenka, Mamman.