Minti Biyu Don Walter

Greensboro, 4 ga Satumba

Yaya Yemima,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya gwiwar? Ya Baban Bebi da sanyin Winnipeg? Ki zauna kafin ki karanta, don ni a tsaye nake rubutawa saboda haushi.

Kin san an sa auren ɗana Josiah da Marnie ranar Asabar, sha ɗaya ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe, nan cocinmu. Na kama hol ɗin biki a Gate City Boulevard, anko ya iso daga Jos, zumuntar mata sun fara koyon waƙa. Jiya sai ga amarya da hawaye, wai kakarta Edna ba za ta zo ba. A ranar ne mutanen Kanada ke tunawa da sojojinsu, ita kuma duk shekara tana tsayawa gaban dutsen da aka rubuta sunan babanta a ƙauyensu. Marnie ta ce kakar ce ta raine ta, in babu ita babu aure.

Shekara ashirin ina aiki a laburare, Yaya, ba sai an koya mini Yaƙin Duniya na Biyu ba. Na san Kanada ta rasa fiye da mutum dubu arba'in a cikinsa. Amma dutse ne fa! Gudu zai yi? Ta je ranar Lahadi mana. Hol ɗin ba shi da wata rana sai bayan Ista, ita kuwa tsohuwa shekara tamanin da bakwai gare ta.

Ƙauyen awa biyu ne daga gidanki. Tunda likita ya hana ki hawa jirgi, ki yi mini wannan. Ki je ki lallashe ta, ke kina da bakin lallashi, ni ba a ba ni ba.

Ƙanwarki,
Prisca

Winnipeg, 12 ga Satumba

Ƙanwata Prisca,

Alherin Allah ya kasance tare da ke. Gwiwa da sauƙi. Na je, Baban Bebi ya tuƙa ni. Na kai mata cincin, ta cinye rabi kafin mu fara magana.

Sunan babanta Walter. Ya tafi yaƙi tana shekara uku. An kashe shi a bakin teku a Dieppe ta ƙasar Faransa, cikin Agustan 1942. Telegiram ɗin rasuwarsa ya iso lokacin girbin alkama, uwarta ta sa shi a aljihu ba ta buɗe ba sai bayan kwana tara da aka gama girbi, don babu namiji a gonar, kuma ta san in ta buɗe ba za ta iya tashi ba. Edna ta ce ta girma da katin rabon sukari da man shanu, tana tatsar saniya kafin ta tafi makaranta.

Ta ce duk shekara ana karanta sunaye goma sha huɗu a gaban dutsen, a yi shiru na minti biyu. Iyalan sauran duk sun mutu ko sun ƙaura. Ita kaɗai ta rage da ta taɓa ganin fuskar ɗaya daga cikinsu. Ta ce, “In ban je ba, za a kira shi babu wanda ya san shi.”

Ban lallashe ta ba, Prisca. Kuka na yi. Ki sassauta.

Yayarki,
Yemima

Greensboro, 13 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na aike ki lallashi kin je kin yi kuka, sannu da aiki.

To, ni ma na yi, amma kaɗan, a mota. Sannan na ƙara jin haushi. Mutum nawa ke zuwa gaban dutsen nan? Ashirin da kare ɗaya? Ni mutum ɗari uku na gayyata. Ki koma ki gaya mata ta kawo hoton Walter. Fasto Malachy zai kira sunansa kafin amarya ta shigo, ni zan ba da labarinsa da Turanci da Hausa, har da telegiram ɗin, mu yi shirun minti biyu. Daga ranar mutum ɗari uku sun san shi, kuma kin san mutanenmu, kafin yamma labarin ya kai Kagoro.

Taki,
Prisca

Winnipeg, 20 ga Satumba

Prisca,

Gaisuwa mai yawa. Ta yi dariya har da tari. Ta yarda, da sharaɗi ɗaya: sha ɗaya daidai, ba da minti ɗaya ba. Ta ce Marnie ta ba ta labarin bikin sunan da aka kira su ƙarfe biyu aka fara ƙarfe shida. In agogo ya buga babu kowa, za ta fita waje ta yi shirunta ita kaɗai.

Ƙanwata, yaushe mutanenmu suka taɓa zuwa aure kan lokaci? Kuma zumuntar mata, shiru, minti biyu? Ina yi miki addu'a.

Yemima

Greensboro, 13 ga Nuwamba

Yaya Yemima,

Gaisuwa da godiya ga Allah. An ɗaura.

Kati iri biyu na buga. Na dangin amarya ya ce sha ɗaya, na mutanenmu ya ce takwas da rabi. Goma da rabi coci ta cika, kowa yana shigowa da “afuwan, na makara”. Mama Hephzibah kaɗai ta zo takwas da rabi, har yanzu ba ta amsa gaisuwata.

Na ƙwace gangunan zumunta na kulle a ofishin fasto. Na ba da labarin. Agogo ya buga, aka kira Walter, Edna ta miƙe da sandarta da jan fure a ƙirji, ta ɗaga hoton. Yaya, shiru! Ko jariri bai yi motsi ba. Da minti biyu suka cika, maƙwabciyata Hajiya Kaltouma ta ce da ƙarfi, “Allah ya ji ƙan maza.” Coci ta amsa da amin har tagogi suka girgiza. Edna ta tambaye ni me aka ce, na fassara, ta riƙe hannuna ba ta sake shi ba sai da aka sa zobe. A hol kuma ta shiga fili da sanda, mata suna yi mata guɗa.

Yanzu ga abin da ya tayar mini da hankali. A filin jirgi Edna ta ce tunda aka haife ta ba a taɓa yi wa babanta taro irin wannan ba, don haka baɗi ma nan za ta zo. Yaya, ɗa ɗaya gare ni. Ki gaya wa 'yarki Bebi ta yi sauri ta kawo miji.

Ƙanwarki,
Prisca