Gayyar da Ta Hana Mu Gada

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin a inda nake yanzu ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni ɗan Gwandu ne, ina aiki a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma a Kalgo, iyalina suna gida, ni ina ɗakin haya ni kaɗai. Abin da ke rage mini kewa shi ne ƙauyen su mahaifiyata ta wajen Diggi, inda kawuna ne mai gari, duk Juma'a can nake cin tuwo. Akwai rafin da ke yanke ƙauyen duk damina, ko mashin ba ya wucewa. Da aka buɗe neman tallafin gwamnatin tarayya na ƙananan ayyuka, na ce ga gada ta samu. Irin wannan tallafi ba iya roƙo ke kawo shi ba, sai ka nuna matsalar a fili, mutanen gari su amince, ciyaman ya yarda zai ba da nasa kason, sannan a turo masu duba wuri. Duk na bi na haɗa.

Ana gobe masu dubawa za su zo, na kira Kawu na gaya masa. Ashe ina kashe waya ya sa aka yi shela, gari ya fita gayya, suka cike kwarin da ƙasa da buhunan yashi, da yake rani ne, suka share hanya fes, wai kada baƙi su ga gari a wulaƙance. Mutanen Abuja suka zo motarsu ta wuce sumul, aka yanka musu rago, suka ci suka yi godiya, suka koma suka rubuta hanya lafiyarta ƙalau.

Raina ya ɓaci, a gaban jama'a na ce an yi mana gyaran gangar Auzinawa. Kawu bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Haka munka gada, ba a nuna ma baƙo tsiraicin gari." Tun ranar bai ƙara ɗaukar wayata ba. Na je ƙauyen, na yi sallama a majalisa aka amsa da kyar, kowa ya tuna yana da uzuri. Yanzu in an sauko Juma'a burodi nake saye in koma ɗaki, wallahi kaɗaicin yana cina.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutanen Abuja sun ce in akwai hujja za su sake duba maganar. Ina da bidiyon da na ɗauka daminar bara, Kawu ne cikin ruwa har ƙirji, ba riga ba rawani, ya goyo matarsa Inna za a kai ta asibiti. Ogana ya gani ya ce wannan kaɗai ya isa. Amma kun san ofis, bidiyon daga wannan waya sai waccan har ya bazu, kuma in na nemi izinin Kawu na san amsar. Ga hadari ya fara haɗuwa, Inna kuma har yau ba ta warke ba.

In yi shiru in bar su da ruwa, ko in tura? Tsorona a gina gadar, ni kuma in rasa wurin wanda zan tsallaka in je. Ku da kuke da iyaye a ƙauye, ya za ku yi?