Ɗurar da Aka Yi wa Maraƙarki

Assalamu alaikum, Inna. Ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Ƙara na kawo miki, kuma raina a ɓace yake. Saniyar da kika bari a turke a gidanmu na Koki ta haihu wata biyu da suka wuce. Makon jiya maraƙar ta fara ɗan tari. Karatun likitan dabbobin da kika tsaya min bai tashi a banza ba, sai na aro na'urar auna numfashi daga wurin aiki. Roba ce ake kifa wa dabba a hanci, ta nuna yawan iskar da huhu ke ja da fitarwa. Na auna, na saurari ƙirjinta. Huhu garau, mura ce kawai. Na yi mata allura, na ce kada a ba ta komai.

Ina juya baya, Yaya Habu, babban ɗanki mai yi min kallon 'yar goye har yau, ya cika kwalba da manja da kanwa. Ya ɗaga kanta sama, ya kamo harshen ya riƙe, ya ɗura mata. Haba! Shi a riƙe masa harshe ya haɗiyi ko yawu mu gani.

Washegari na sake aunawa. Haƙarƙarinta na bugawa kamar zuga-zugin maƙeri, amma iskar da ke shiga ba ta taka kara ta karya ba. Man nan ba ciki ya tafi ba, huhu ya gangara, kuma babu allurar da za ta fito da shi. Jiya aka yanka ta don kada ta yi mushe. Na sa mahauci ya tsaga huhun a gaban Yaya. Ga manja nan jawur.

Ko gezau bai yi ba. Wai haka Inna take yi.

Na so in ƙaryata shi, amma gaskiya ya faɗa. Haka kike yi, Inna. Ni ce ma mai miƙo miki kwalbar, kina cewa mai tausayi ba ya magani. Sai na tuno maruƙa biyun da suka mutu ina firamare, da irin wannan hakin. Kika ce bakin maƙwabciyarmu Baba Talatu ne, don ta leƙo ta yaba su ba ta ce tubarkalla ba. Kika daina gaishe ta. Muka daina cin tuwonta, yaran lungu suka riƙa gudunta.

Ɗura kam ban ga laifinki ba, abin da kika tarar ke nan. Amma baiwar Allahn nan fa? Tana nan da ranta, ido ya tafi. Ranar rasuwarki ta lallaɓo ta zauna a bakin zaure, ba wanda ya ce ta shigo.

Gobe da safe zan shiga wurinta in nemar miki gafara. Wallahi ban san da wane baki zan fara ba.

Allah Ya sa ta yafe, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki.

'Yarki,
Hadiza