Baƙon da Ya Zo Ja Mana Bututu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Yankara lafiya lau, sai dai ƙafafun Inna da ba sa shiri da sanyi.

Ranar kasuwa wani baƙo ya zo, wai kai ka turo shi saboda Inna. Ya ce zai girka mana murhun ƙarfe mai tukunyar ruwa, ya ja bututu zuwa ɗakuna, ana girki ruwan zafi na zagayawa yana ɗumama su. Baba ya saurare shi a zaure. Can sai ya fara tambayar wa ke kwana a wane ɗaki, kuma ina ƙofar baya, wai zai auna bututu. Baba ya ce, "Malam, kaskon garwashi ya ishe mu." Ya sallame shi.

Yaya, ka san halin da ake ciki, yanzu ba a tambayar makwancin mutane. In kai ka turo shi, ka kira Baba hankalinmu ya kwanta. In ba kai ba ne, ka sa mu a addu'a, don ya riga ya ga gidan.

A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza