Gumbar Tsoho Lam

Guangzhou, 2 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga Kakana Maidaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka? Ya aka yi Sallah? Har yanzu dai ka ƙi tafiya mu sha gumba, tsoho mai taurin rai.

Na samu madadinka a nan, Tsoho Lam, mai gidan da nake haya. Wasan jika nake yi masa, in ɓoye takalminsa, in ɗauke masa kofin shayi. Ya biyo ni da mafici yana kirana "baak-yim". 'Yarsa mai jin Turanci ta ce da yarensu na Kanton yaro mara ji ke nan. Ni da gemuna!

Sai dai na yi ɓarna. Ranar sabuwar shekararsu ya zaunar da ni cikin iyalinsa. Daɗi ya ɗebe ni, na yi masa irin namu da hannu: na nuna shi, na miƙe a ƙasa kamar gawa, na tashi ina lasar yatsu. Ba wanda ya yi dariya. Ashe a ranar ko sunan mutuwa ba a ambata. Tun daga nan bai sake kallona ba, kuma abin yana cina.

Naka,
Shitu

20 ga Maris, 1998

Kaka,

Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Ni dai ba daɗi.

Sati biyu bayan waccan wauta, Lam ya kwanta rashin lafiya. Sau uku ina zuwa asibiti da lemo, 'ya'yansa suna tare ƙofa. Na san kwana na Allah ne, amma ta yaya zan gaya musu cewa mu wanda muke ƙauna muke yi wa haka? So nake kawai ya yafe mini.

Ya rasu ranar Talata. Ban je jana'iza ba.

Jiya 'yar ta kawo mini alewa ɗaya a farar takarda, irin wadda suke raba wa masu ta'aziyya. Ta ce tun yana asibiti ta yi masa bayanin wasanmu kamar yadda na roƙe ta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce idan an raba a ajiye wa baak-yim tasa.

Na samu gumbata, Kaka, na kasa kaiwa baki.

Na janye waccan magana. Ka riƙa shan maganinka. Don Allah ka jira ni.

Jikanka,
Shitu