Keken Umma da Bargon Nahid

Alkahira, 4 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga yayata Atiyyat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan taki mai ciwo.

Yaya, zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Hannuna na dama ya fara rawa. Tun bayan Babbar Salla nake ɓoye shi. Ko kofin shayi na ɗauka a shago sai na tallafe da hagu, har maƙwabcina Madbuli, usta ne kamata wato gwanin ɗinkin hannu, yake tsokanata wai na koma shan shayin amare. Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa.

Bikin 'yata Nahid saura mako bakwai. Kin san al'adar gidanmu. Uba ne ke ɗinka wa 'yarsa bargon aure da hannunsa, a shimfiɗa shi ranar kai kaya, manyan Titin Khayamiya, titinmu na masu ɗinkin ado da hannu, su zo su duba aiki. Na yanka furen bado ɗari da ashirin, shuɗi da ja. Na ɗinka goma sha tara, na warware goma sha ɗaya. Shekara arba'in da shida ina riƙe da allura, yau ita ke guduna. Wallahi tsoro nake ji.

Ki aro mini ɗan keken ɗinkin Umma, baƙin nan mai zanen ruwan zinare. Manyan kekunan lantarki na yanzu gudu suke kamar an biyo su, su tauna ƙyalle, ga ƙara har bakin Bab Zuwaila, tsohuwar ƙofar gari. Na Umma kuwa da hannu ake juya shi, yana tafiya ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ka tsayar da shi a kan bakin fure inda ka ga dama. Hannu mai rawa zai iya juyi, hagu ta riƙe ƙyalle. Kuma ba shi da nauyi, a cikin akwatinsa za a hau da shi ɗakina na sama ba wanda zai lura. In na rufe bayan bargon da shafi, shi ke nan.

Don Allah wannan magana ta tsaya tsakaninmu.

Ƙaninki,
Hilmi

Damanhur, 10 ga Oktoba

Hilmi,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan da halinta.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Na farko na yi kuka saboda hannunka. Na biyu kuwa sai da na ajiye takardar na sha ruwa, don raina ya ɓaci.

Ashe yau kai ne ke neman keken Umma? Kai da kake kiransa gwangwanin sardin? Ka manta ranar da ta ɗauko shi ta zo shago bayan rasuwar Baba, ta ce za ta taya ka ɗinka gefuna, ka tare ta a bakin ƙofa ka ce, "Umma, ki koma da shi, wannan titi na masu hannu ne, kada ki ja mana abin faɗa"? Ni ce na riƙe mata akwatin muka koma gida.

Keken nan ba a ajiye yake ba. Kowace Talata nakan rataya shi a hannu kamar kwandon burodi in tafi gidan ƙawata Sitt Tafida, mu shida, muna haɗa barguna da tsofaffin riguna. Shekararsa ta fi hamsin, ɗigon mai biyu yake so, ya yi ta ƙyas-ƙyas ɗinsa. 'Yar Tafida ta kawo sabo na roba, wata huɗu ya yi ya mutu. Duk sun sa wa namu ido, na ce ko mijina marigayi ya dawo ya roƙa ba zan bayar ba.

Amma kai jinina ne, Nahid kuma 'yata ce. Zan kawo shi da kaina, da sharaɗi ɗaya. Ba zai hau ɗakin sama ba. A shago za a ajiye shi, kan dakalin da kake zama, da rana tsaka, kowa na gani. Keken Umma ya gama ɓuya.

Ka gaida Nahid. Ka rage sigari.

Yayarka,
Atiyyat

Alkahira, 16 ga Oktoba

Yaya Atiyyat,

Bayan gaisuwa. Na zo miki da rauni, kin zuba mini gishiri.

Kin san abin da kike nema kuwa? A titin nan mutum ya sa keke a fuskar aiki, sunansa ya tashi daga usta ya koma tela har ya mutu. Madbuli kaɗai ya ishe ni, bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Dangin angon Nahid ma saboda sunan gidanmu suka zo.

Kuma a gaban me zan ajiye shi? A ƙarƙashin bishiyar tsuntsayen Baba, ɗinkin adon bangon nan, aikinsa na ƙarshe, da ke rataye a bayana shekara talatin? Duk baƙon da ya shigo ita nake nuna masa in ce, ga abin da hannu ke yi. Baba ya ɗinka ta yana da saba'in, ko ɗinki ɗaya bai karkace ba. Ni ina da sittin da ɗaya na gaza, wannan kunyar ta ishe ni, ba sai kin ƙara mini wata ba.

Riƙe kekenki. Zan ce wa Nahid bargo bai samu ba. Jiya ta tarar da ni ina warware fure, ta tsaya ta dube ni, ta fita. Na fi son ta yi kuka da wannan kallon.

Me kike nufi da "ya gama ɓuya"?

Hilmi

Damanhur, 21 ga Oktoba

Ƙanena Hilmi,

Sallama da gaisuwa. Umma ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa maka ba. Yau zan karya shi, Allah Ya yafe mini, don ba zan zuba ido yarinyar nan ta tafi gidan miji hannu wofi saboda taurin kanka ba.

Rawar hannun nan gado ka yi. Baba ya yi shekara shida da ita kafin ya rasu. Ka tuna lokacin da ya bar maka shago ya ce shi a gida zai riƙa aiki, wai hayaniyar titi ta dame shi? Ba hayaniya ba ce. Kana fita da safe Umma za ta rufe tagogi, ta ƙure rediyo, ta ɗora keken a kan teburin cin abinci. Baba ya zana, ni in yanka, ita ta ɗinka ta ciki ta naɗe ƙyallen ya rufe zaren. Kafin ka dawo la'asar keke ya koma ƙarƙashin gado, Baba na zaune da allura a hannu.

Bishiyar tsuntsayen nan wata biyar ta yi tana ɗinka ta. Ranar da aka rataye ta, manyan titi suka yi layi suna sumbatar hannun Baba. Ita tana kicin tana dafa musu shayi. Bargon aurena ma nata ne, ina lulluɓe da shi yanzu haka.

Ba sai ka yarda da ni ba. Kai usta ne. Sauke ta, ka farke shafin bayan ta gefe ɗaya. Ɗinkin hannu zare ɗaya ne, na keke biyu, na sama da na ƙasa. Ka ƙirga.

Ban faɗa don in rage Baba ba, tsoro ya ji irin wanda kake ji. Amma matar nan ta mutu ba wanda ya taɓa ce mata sannu da aiki, ɗanta ma ya kore ta daga ƙofar shagon da ta riƙe. Abin yana cina har yau. Sharaɗina yana nan.

Yayarka mai ƙaunarka duk da halinka,
Atiyyat

Alkahira, 27 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum.

Na sauke ta. Zare biyu ne.

Ban mayar da shafin ba. Na sake rataye ta a juye, bayanta na kallon titi. Madbuli ya leƙo ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wane ne ya yi wannan?" Na ce, "Ni'imat, uwata." Kwana uku ke nan bai yi mini sallama ba. Dangin ango ban san me za su ce ba.

Na share wuri a kan dakali, ta gefen titi. Saura fure ɗari da goma sha biyu, saura wata guda. Ki taho ranar Alhamis da jirgin ƙasan safe, zan tarye ki a tasha. Na san ba shi da nauyi, amma ki bar ni ni in ɗauko akwatin, tun daga tasha har ƙofar shago.

Ƙaninki,
Hilmi